Martani: Malam, ruwan Tiga ba na Legas ba ne

Malam, na karanta maƙalarka inda ka ce masu kiwon kifi a Bebeji da Kiru ba za su ga riba ba sai sun riƙa zuba wa abincin kifinsu garin ƙarin kuzari na kanti. Allah ya ba ka haƙuri, amma ka yi tuya ka manta da albasa. Hujjojin da ka kawo duk na kifin ruwa mai gishiri-gishiri ne, irin na bakin teku a Legas da Neja Delta. Mu nan ruwanmu na daɗi ne. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, da tafkin Bagauda, wa ya taɓa ɗanɗana gishiri a cikinsu?

Da ka tsaya bakin tankin tarwaɗa da asuba, da ka ga ainihin ciwon: ruwa ya yi kauri yana wari, ragowar abinci ta ruɓe a ƙasa, kifi sun taso suna haki. Wannan sauyin ruwa yake nema, ba garin gwangwani ba.

Abinci kuwa ya riga ya cinye fiye da rabin jarin mai kiwo, kai kuma kana ƙara masa kaya. Ga masarar Doguwa da Tudun Wada, ga waken suya, ga tunkuza. Abin da ya kamata ka koya wa mutane shi ne su soya waken kafin niƙa, domin ɗanyensa yana hana kifi narkar da abinci, su guji tunkuza mai hunhuna, su haɗa da garin kifi. Sinadarin bitamin ɗan kaɗan ake barbaɗawa, gwargwadon awo.