Ruwa Ne Likitan Farko Idan Man Gashi Ya Shiga Ido

Duk lokacin da salla ko biki ya gabato, gidaje da shagunan gyaran gashi sukan cika da 'yan mata masu shafa man miƙar da gashi. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne, da yawa daga cikin irin wannan mai suna ɗauke da soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. A ma'aunin pH ƙarfin man yakan haura 12, alhali kuwa na hawaye yana wajen 7.4.

Ɗalibi zai zaci asid, irin na ruwan batir, shi ya fi komai illa. A ido kuwa, soda ta fi shi ɓarna. Asid yakan daskarar da furotin na saman ido, wannan kuma ya tare masa hanya. Ita soda narkar da kitsen jikin ƙwayoyin halitta take yi, ta ratsa fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido cikin mintuna kaɗan. Inda ta ci, tabo yakan biyo baya, wani lokaci har da makanta.

Saboda haka, kuskure ne babba a ruga asibiti ba a wanke idon ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. A karkatar da kan yarinyar ta ɓangaren idon da ya ji ciwo, a buɗe fatar idon da yatsu, a dinga kwarara ruwa mai tsabta daga buta ko famfo na aƙalla minti 20. Kada a murza, kada a ɗiga nono ko man shanu ko ruwan albasa. Bayan haka a kai ta wurin likitan ido tare da kwalbar man, ko da zafin ya lafa.

Dubawar da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, take yi wa kayan kwalliya ba za ta hana tsautsayi a tsakar gida ba. Nauyin nan yana wuyan malaman kimiyya. Darasin asid da soda da ya tsaya a allo bai cika ba, sai an gwada wa ɗalibai wankin ido da buta a gaban aji. Yarinyar da ta koyi wannan tana iya ceton idon ƙanwarta ranar jajibirin salla.