Wa Zai Shaide Ka A Garin Da Ba A San Ka Ba?

'Yan uwa, duk wanda ya zauna a garin da ba na haihuwarsa ba ya san cewa iya sana'a ba ta wadatarwa, sai an sami wanda zai shaide ka. Tun da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, da wannan dabara iyayenmu suka riƙe fataucin shanu. Falke ya sauka wurin mai gida, mai gida ya haɗa shi da mahauta a ba su shanu bashi, in mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai ɗauki nauyi. Sunansa shi ne jarinsa.

A yau telanmu na Agege, da mai gyaran waya na Ikeja, da 'yarmu da ta karanta aikin jinya, duk suna bukatar irin wannan shaida, amma babu mai gidan da zai tsaya masu. A nawa ra'ayin, dandalin sada zumunta zai iya cike wannan gurbi, muddin mutum ya yi amfani da shi wajen nuna abin da ya iya.

Ku dubi Dakta Chinonso Egemba, wanda aka fi sani da Aproko Doctor. Likita ne kamar sauran dubban likitocin ƙasar nan, amma ya riƙa yin gajerun bidiyo cikin sauƙin Turanci da raha, yana bayani a kan hawan jini da abinci da haɗarin shan magani barkatai. Yau miliyoyin mutane na sauraronsa. Abin lura shi ne, koyarwa ya yi kyauta kuma a kai a kai, har jama'a suka yarda ya san aikinsa.

Wanda ke son bin wannan hanya, da farko ya tsaya a kan fanni ɗaya. In gyaran janareto ka iya, a san shafinka da janareto, kada yau siyasa gobe ƙwallo. Na biyu, ka sa sunanka na gaskiya da hotonka da unguwar da shagonka yake. Na uku, ka nuna aiki kafin gyara da bayan gyara, domin gani ya kori ji, amma ka nemi izinin mai kaya tukuna. Na huɗu, ka amsa tambaya ko da mai tambayar ba zai saya ba. Rashin zurfin boko ba hujja ba ce, tunda ana iya yin bayani da murya a WhatsApp ko da bidiyo a TikTok, kuma tun 2016 akwai Facebook da Hausa. Wanda ya iya Yarbanci ko Turancin buroka ya riƙa haɗawa, domin yawancin masu sayenmu maƙwabtanmu ne.

Wasu za su ce, in na bayyana sirrin sana'ata wa zai zo wurina? Amsa ita ce, wanda ya ga yadda kake wanke kafireto ba zai zama makanike a rana ɗaya ba. Abin da zai riƙe shi ne ka san aikin, kuma ranar da injinsa ya mutu kai zai nema.

Sai dai akwai hattara. Kada mutum ya ari rigar da ba tasa ba. Mun ga masu kiran kansu dakta suna tallan maganin da babu lambar NAFDAC, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, kuma a nan in ɗayanmu ya yi abin kunya, duka ake yi wa kuɗin goro. Haka nan ɓata sunan abokin sana'a na iya kai mutum kotu a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Bugu da ƙari, dandalin nan ba mallakarmu ba ne. Gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu ciniki a can suka ji a jikinsu. Don haka kowa ya ajiye lambobin abokan cinikinsa a littafi.

Ina kira ga shugabannin rassanmu da su ware lokaci a ajin yaƙi da jahilci, matasanmu su koya wa iyayensu buɗe shafi da ɗaukar hoton aiki. Mu kuma idan ɗan uwa ya yi mana aiki mai kyau, mu rubuta shaida a shafinsa da sunanmu. Allah ya yi wa sana'o'inmu albarka.