Gyaran Bakin Rafi Da Haƙƙin Talaka: Darasi Daga Birnin Seoul



Ya ku 'yan'uwana matasa, yau ina so mu yi nazari a kan rafin Cheonggyecheon da ke tsakiyar Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. Shekaru da dama wannan rafi yana rufe da kankare, da gadar sama ta motoci a bisansa. A shekarar 2003 magajin garin, Lee Myung-bak, ya sa aka rushe gadar, a 2005 kuma aka buɗe wurin shaƙatawa mai tsawon kusan kilomita 6, da itatuwa da ciyayi da hanyar masu tafiya da ƙafa.

Amfanin aikin a fili yake. Kifaye da tsuntsaye sun dawo, zafi ya ragu a gefen rafin, mutanen birni sun sami inuwar hutawa. Haka tsiro yake: yana ba da sanyi, saiwarsa tana riƙe ƙasa, ƙasar kuma tana shanye ruwan sama.

To amma abubuwa biyu suna damuna. Na farko, ruwan da ke gudana a rafin ba nasa ba ne. Da injina ake turo shi, galibi daga Kogin Han; a farkon buɗe wurin, kimanin tan 120,000 ake turowa kullum. Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne makomar masu ƙananan sana'o'in da ke neman abinci a gefen gadar. An kwashe da yawansu zuwa tsohon filin wasa na Dongdaemun, bayan 'yan shekaru aka rushe filin, suka sake tashi.

A ganina, duk gyaran da ya ƙawata gari amma ya raba talaka da abincinsa, to da sauransa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mazauna bakin ruwa su suka san inda ambaliya take fara ci, da inda yara suke wasa, da inda kasuwa take tafiya. Shawara da su tilas ta zo kafin a zana taswira, ba bayan an fara rusau ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan aka zo gyara bakin kogin garinku, halarci taron, ka yi tambaya: Daga ina ruwan zai zo? Wa zai kula da itatuwan? Ina za a kai waɗanda za a tasa?

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.