Makamin ƙare-dangi ba garkuwa ba ne, mu daina ruɗin yaranmu

Wata magana ta cika fada da WhatsApp: wai tunda Allah Ya ba Nijar yuraniyom, mu ma mu ƙera makamin ƙare-dangi domin duniya ta ji tsoronmu. Har wasu malamai na maimaita ta a aji. Ni kam ban yarda ba.

Masu wannan zance sun ɗauka bam takobi ne, yana kwance a kube sai ranar da mai shi ya zare. To, mu duba masu shi. A 2007 wani jirgin yaƙin Amurka ya keta ƙasar ɗauke da makamai masu linzami 6 na nukiliya, matuƙansa ma ba su sani ba. A Janairun 2024 Ingila ta gwada makaminta Trident daga jirgin ƙarƙashin teku, ministan tsaronta na ciki, sai makamin ya faɗa ruwa nan kusa. A 1983 na'urar Tarayyar Sobiyat ta nuna Amurka ta harbo makamai, alhali ƙarya ne. Hankalin hafsa guda, Stanislav Petrov, shi ya hana a kai labarin sama a matsayin hari.

Mu ma Sahara ba ta tsira ba. Ranar 1 ga Mayu 1962 Faransa ta yi gwaji cikin dutse a In Eker, kudancin Aljeriya. Dutsen bai riƙe ba, ƙurar guba ta fito ta taɓa sojoji har da ministoci biyu. In masu kuɗi da ƙwararru haka suke fama, mu fa?

Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Shekaru da dama manyan motoci sun riƙa bi da shi ta Tawa da Ƙonni zuwa Kwatano. Amma da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023, duhu muka kwana. Ɗan Tajaye da ke bita da tocila, bam zai haska masa littafi?

Malamai, ku koya wa yara yadda ƙwayar zarra ke ba da lantarki da maganin daji. Ku kai su Malbaza su ga tashar hasken rana ta megawat 7 da aka buɗe a 2018. Ku gaya musu Afirka ta haramta wa kanta wannan makami da yarjejeniyar Pelindaba ta 1996. Iyaye, in yaro ya dawo gida da zancen bam, ku tambaye shi: wa zai tsare shi, kuma in ya kuɓuce, garin wa zai ci?