WASIƘA DAGA KUJAMA: Kafin Jirgin Shugaba Ya Tashi

Duk wanda ya taso daga nan Kujama ya nufi Kaduna bisa hanyar Kaciya, tilas ya ratsa ta kusa da matatar man fetur. Mu da muke bin hanyar nan kullum mun san lokacin da harshen wutarta ke haskaka sama da dare, mun kuma ga lokacin da wurin ya yi tsit. Matatar nan ce ta sa ni tunani a kan ziyarce-ziyarcen da shugabanninmu kan kai ƙasashen waje, da yadda ake shirya su, da kuma abin da talaka ke samu a cikinsu.

Ga yadda abin ya faru. A watan Oktoba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ziyarci birnin Seoul na Koriya ta Kudu, kuma a gabansa kamfanin mai na ƙasa, wato NNPC, ya sa hannu kan takardar fahimtar juna da kamfanin Daewoo don gyara matatar Kaduna. A watan Fabrairu na 2023 aka ba da kwangilar aikin kan kuɗi dalar Amurka miliyan 740 da ɗoriya. Matatar da kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, aka buɗe ta a 1980, wadda ƙarfinta ya kai ta tace ganga 110,000 a rana, sai ga shi shekarar 2024 ta ƙare ba ta koma tace mai ba. An je, an yi hoto, an dawo, amma mai ƙosai da direban motar haya ba su gani a ƙasa ba.

Kada a ɗauka ina cewa shugaba ya naɗe ƙafa ya zauna a gida. Zuwa da kai ya fi aike, kuma akwai ƙofar da ba ta buɗuwa sai shugaba ya ƙwanƙwasa da kansa. Abin da nake so mu lura shi ne, amfanin ziyara ko rashin amfaninta tun daga gida ake yanke shi, watanni kafin jirgi ya tashi.

Bisa al'ada, gayyata takan biyo ta hannun jakada zuwa Ma'aikatar Harkokin Waje. Daga nan sai a daidaita a kan irin ziyarar. Akwai ziyarar girma, wadda shugaban ƙasa ke kai wa takwaransa, a tarbe shi da faretin soja, a harba igwa sau 21, a yi masa liyafa, irin wadda Janar Yakubu Gowon ya kai wa Sarauniyar Ingila a watan Yuni na 1973. Akwai kuma ziyarar aiki, wadda ba ta da yawan shagali, magana ce kawai ake zuwa yi. In an tsai da rana, sai a tura 'yan share fage su duba masauki da hanya da tsaro, su san wanda zai zauna kusa da wa, da tsarabar da za a miƙa. Har sanarwar da za a karanta a ƙarshen ziyara, galibi ma'aikatan ƙasashen biyu sun riga sun tsara ta tun shugabannin ba su gaisa ba.

Ta wajen faretin da jar darduma, ba mu da abin kunya. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen tambayar farko: me za mu je nema, kuma don wa? Dubi Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Yuli na 1961 ya amsa gayyatar Shugaba Kennedy zuwa Amurka, ya yi jawabi a gaban Majalisar Wakilansu. A lokacin Nijeriya tana cikin shirya tsarinta na raya ƙasa na 1962 zuwa 1968, saboda haka akwai abin da za a nuna wa mai masauki, a ce masa ga inda muka dosa. Kafin shekarar ta ƙare Amurka ta yi alkawarin dala miliyan 225 don tsarin. Tun ran gini, ran zane.

Da za a bi ta tawa, jerin buƙatun da shugaba zai sa a jakarsa daga wurare irin namu za a fara rubuta shi. Manoman citta na Kaciya da Jaba da Kagarko suna noma abin da duniya ke so, amma yawancinta busasshiya ake ɗura ta a buhu a fitar, ribar sarrafa ta ta tafi ga wasu. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin cittar, ta bar magidanta da bashi. Manomin nan yana bukatar iri mai jure cuta, da injin sarrafawa, da mai saye tabbatacce. Wakilin da ya sauka a Indiya ko Sin ba tare da wannan magana a bakinsa ba, yawon buɗe ido ya je yi da kuɗin jama'a.

Sai batun 'yan rakiya. A taron sauyin yanayi da aka yi a Dubai a ƙarshen 2023, sunaye 1,411 aka rubuta a ƙarƙashin Nijeriya, gwamnati ta ce mutum 422 ta ɗauki nauyinsu. Surutu ya yi yawa, har a watan Janairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin kada masu yi masa rakiya zuwa waje su wuce mutum 20. Hakan ya yi kyau. Kowane ɗan rakiya yana da kuɗin jirgi da na masauki da na guzuri a kan baitulmali, in kuwa ba shi da aikin yi a teburin shawara, an yi taron tsintsiya ba shara.

Wajibi ne kuma mai tafiya ya san halin da ya bar gida. Ranar 29 ga Yuli, 1975, Janar Gowon yana zaune a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala aka sanar da shi cewa sojoji sun kawar da gwamnatinsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba juyin mulki kaɗai ake tsoro ba. Shugaban da ya tashi alhali jama'arsa na zaman makoki, ko ma'aikata na bin albashi, mai masaukinsa ya riga ya ji labari daga bakin jakadansa, kuma da wannan ma'auni zai auna maganarsa.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne bayan dawowa. Ya kamata jama'a su san cewa takardar fahimtar juna niyya ce kawai, ba ta zama kwangila ba. Yarjejeniya tsakanin ƙasa da ƙasa ma, sashe na 12 na Tsarin Mulki ya ce ba ta zama doka a Nijeriya sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Saboda haka aikin yana farawa ne ranar da aka sauka daga jirgi. Lokacin da Malam Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, da ya komo sai ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya gaya wa mutanensa abin da ya gano. In ɗan jarida ya ga wajibi ne ya ba da bayani, ina ga wanda ya tafi da dukiyar al'umma?

Roƙona shi ne, bayan kowace ziyara a buga wa jama'a bayani, da Turanci da Hausa da sauran harsunanmu: mutum nawa suka je, nawa aka kashe, wace takarda aka sa wa hannu, wace ma'aikata ke da alhakin aiwatarwa, kuma yaushe za a gama. In shekara ta zagayo, wakilanmu na Majalisa su kira ministan su tambaye shi ina aka kwana. Mu nan Kujama namu ma'aunin mai sauƙi ne. In mun bi hanyar Kaduna mun ga tankokin mai suna fitowa daga matata cike, mun san tafiyar ta yi albarka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.