Da'awa Ba Iƙirari Ba Ce: Aikatau na Ingilishi da Amanar Mai Fassara

Harshen Ingilishi yana da tarin kalmomin aikatau da ake amfani da su wajen cewa abu gaskiya ne: assert, affirm, maintain, claim, allege da confirm. J. L. Austin, a littafinsa na 1962, da John Searle bayansa, sun nuna cewa furuci aiki ne, kuma wanda ya ce abu gaskiya ne ya ɗora wa kansa alhakinsa. Sai dai idan ana ba da rahoton maganar wani, waɗannan kalmomi suna bayyana matsayin mai rahoton ma, kuma a nan ne fassararmu take yawan tuntuɓe.

Wanda ya rubuta confirm ya yarda da zancen. Wanda ya rubuta claim ya ja da baya, ya bar mai magana da kayansa. Allege tana nuna ba a kawo hujja ba tukuna, maintain kuma tana nufin an yi jayayya amma mai magana ya dage. Affirm tana da tarihi a shari'a: tun 1695 dokar Ingila ta yarje wa mabiya ɗariƙar Quaker, waɗanda addininsu ya hana su rantsuwa, su ba da tabbaci da baki a madadinta.

Idan mai fassara ya mayar da assert da affirm da confirm duka zuwa “tabbatar”, ya zama shaida a kan abin da bai gani ba. Jumlar “gwamnati ta tabbatar da cewa an kuɓutar da mutanen” tana shiga kunnen Bahaushe a matsayin labari tabbatacce, ko da asalin Turancin bai wuce faɗar jami'i ɗaya ba.

Mafi damuwa shi ne yadda kafofin yaɗa labarai suka mayar da “iƙirari” madadin claim. A gaban alƙali, iƙirari shi ne mutum ya amsa haƙƙin da ke kansa, kuma yana cikin hujjoji mafi ƙarfi. Da'awa ce take jiran shaidu. Ke nan mun ɗauki kalmar da take rufe shari'a mun ba ta aikin wadda take buɗe ta.

Wani zai ce harshe yana sauyawa, kuma masu sauraro sun riga sun saba. Haka ne, amma sabo bai wajabta mana zubar da bambancin da muka gada ba. Hausa tana da “yi da'awa”, “yi zargi”, “dage”, “jaddada” da “haƙiƙance”, ga kuma “wai”, wadda take nesanta mai rahoto daga zance da gaɓa ɗaya tak.

Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su koyar da waɗannan kalmomi a darasin fassara bisa ma'aunin yarda da shakka, masu ƙamus kuma su daina jera su a matsayin masu ma'ana ɗaya. A rahoton kotu ko na rikici, kalma guda tana iya mayar da wanda ake zargi mai laifi a idon jama'a tun alƙali bai yanke hukunci ba.