Madatsun Ƙasa: Wa Ke Gadinsu?

Tun zamanin Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga gina madatsun ruwa a ƙasar Kano. Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ce ta yi suna, amma akwai ƙannenta da yawa: Bagauda, Watari, Tomas, Gari, Kafin Chiri da sauransu. Galibinsu ƙasa ce aka tara, aka daddaɓe ta da manyan injuna har ta zama bango mai riƙe ruwa. Don noman rani da ruwan sha da shayar da dabbobi aka yi su, sai dai jama'a sun ƙara musu wani aikin da ba a tsara ba. Duk wanda ya je bakin dam da zafin bazara ko ranar yawon Sallah zai tarar da samari suna ninƙaya, yara suna tsalle daga kan dutse, mai kwalekwale yana ɗaukar mutane zagaye kan kuɗi kaɗan.

Wannan jarida ba ta ga laifin hakan ba. Garin da ba shi da wurin shaƙatawa, ga ruwa shimfiɗe a bayansa, babu dokar da za ta hana yaro zuwa. Abin da ke damunmu shi ne yawancin ƙananan madatsun nan ba su da wani takamaiman mutum da za a nuna a ce shi ke kula da su. Hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are na da nata, jiha na da nata, ƙaramar hukuma na kallo, kowa yana jiran wani.

Bangon ƙasa kuwa ba ya son sakaci. Bishiyar da ta tsiro a jikinsa, in ta mutu saiwarta ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya. Gara na yin gida a ciki, gafiya na haƙa rami, shanu na fitar da turba a gefensa har ruwan sama ya mayar da ita kwazazzabo. Ruwa yakan ɗan tsatso ta gindin bango, wannan ba sabon abu ba ne. Amma ranar da tsatson ya ƙaru, ko ya sauya daga garau zuwa jajaja mai laka, to ƙasar bangon ce ruwan ke kwashewa daga ciki, kuma lokaci ya ƙure. Haka in mafitar ruwa ta toshe da yashi da kachalla, ruwan damina zai haura ta saman bangon ya cinye shi cikin sa'o'i kaɗan. Mai lambun da ke wucewa ta wurin kullum da asuba zai iya ganin duk waɗannan alamu, in an koya masa, in kuma ya san wanda zai kira.

Mun ga abin da ke biyo baya. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwa mai ƙarfi, ta tafi da rayuka da gidaje da gonaki. A Satumban 2024 ta Alau ta mamaye Maiduguri, shekara 30 bayan ambaliyar 1994.

Sai dai ruwan dam ba sai ya ɓalle yake cin mutum ba. Tafkin da aka datse ba kamar rafin da yaro ya sani ba ne. Bakinsa na iya kaiwa gwiwa, taku biyu a gaba kuma mutum ya zurma cikin tsohuwar hanyar kogi. A ƙasa akwai laka mai riƙe ƙafa, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, da ragar masunta da aka bari. Sau da yawa ma wanda ya faɗa don ceton ɗan'uwansa tare ake fito da gawarwakinsu, 'yan kwana-kwana kuma daga birni za su taso. Ga tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune, har wasu iyaye suna ɗaukar fitsarin jinin yaro a matsayin alamar balaga.

Mutanen Bagwai ba za su manta da 30 ga Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgin da aka cika maƙil ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi daga Badau. Fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu yara. Allah Ya jiƙansu. Gwamnati ta dakatar da jigilar jiragen, amma hani kaɗai ba ya daɗewa a inda ruwa ne hanya mafi kusa.

Muna kira ga gwamnatocin jihohi su sa wa kowace madatsa mai gadi na dindindin, ɗan garin, wanda ake biya albashi, yana zagaya bangon yana kai rahoto, injiniya kuma ya duba ta kafin kowace damina. Sarkin Ruwa da masuntansa sun fi kowa sanin inda zurfi yake. A ba su ikon ware wurin wanka, su kafa alama a inda ba a shiga, su tsaya a bakin ruwa ranakun Sallah da igiya da gora. Jirgi kada ya tashi bayan magariba, kada ya ɗauki fiye da ƙarfinsa, kuma kowane fasinja ya sa rigar kariya, wadda ƙaramar hukuma za ta iya saya ta ajiye a mashiga. Dagatai da limamai da malaman Islamiyya su ma su riƙa tambaya kafin su bar yara su hau. Aikin sare itatuwan jikin bango da yashe mafitar ruwa kuwa da rani ake yin sa, don haka a sa kuɗinsa a kasafin bana.